Kafin Ka Karanta Sunayen

Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa ka sauka Goronyo lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da na masu tare ta, ya haɗa ka da maƙwabta na gari da ɗalibai masu jin magana. Na cusa wannan takarda tsakanin ƙullin ƙuli-ƙuli da na yaji ne don na san halinka. Da cikin littattafanka na sa ta, sai ta yi wata guda ba ka gan ta ba.

Za ka yi mamakin uwa ta rubuta wa ɗanta wasiƙa alhali jiya ma suna tsakar gida ɗaya a Wurno. Kai ɗan fari ne, ga shi kuma sunan mahaifina gare ka, kunya biyu ke nan ta hau kaina. Tun da na haife ka ban taɓa zaunar da kai na yi maka doguwar magana ido da ido ba, sai dai in faɗa wa ƙanwarka Hadiza da ƙarfi don kai ka ji. To abin da ke raina yanzu ba na aike ba ne. Shekara talatin na yi riƙe da alli ina koyar da tarihin nan da za ka fara koyarwa, don haka alƙalami ba zai gagare ni ba.

Ranar Lahadi ina sheƙar wake a bakin madafi, kai kana gindin darbejiya kana gwada wa Hadiza jawabinka. A nan na ji cewa shugaban makarantarku ya kira ka a waya, ya ce tunda kai kaɗai ne malamin tarihi, kai za ka shirya taron tunawa da mutanen da 'yan bindiga suka kashe a yankin, idan ranar ta zagayo a ƙarshen zangon nan. Na ji ka ce za ka fara da kisan ƙare dangi da aka yi a wasu ƙasashe, sannan ka sauko gida ka karanta sunayen mutanenmu ɗaya bayan ɗaya. Har nan raina fari tas, ina ta sa maka albarka a zuci. Sai na ji ka ɗaga murya ka ce, “Kowa ya san ko su wa sunka yi muna wanga aiki. Ba sai na hwaɗi ba, ku duba ku gani.” Hadiza ta tafa maka. Ni kuwa faifai ya karkace a hannuna har kaji suka samu rabonsu.

Su duba ina, Babana? Aji ɗaya ne, ƙofarsa ɗaya. In ka ce wa yara su duba, juna za su duba. A gabanka akwai 'ya'yan manoman da suka gudo daga Shinaka, akwai 'ya'yan masunta na bakin madatsar ruwa, akwai kuma 'ya'yan Fulani biyu ko uku da iyayensu suka yi ta maza suka kawo su boko a wannan zamani. Su za a juya a duba, kuma su ne ba za su dawo ranar Litinin ba. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Muryar da na ji a gindin darbejiya ba taka ba ce, tawa ce, a bakina ka tsince ta. Zan zo kan wannan, amma bari in fara da ƙananan kurakuraina, ko na samu ƙarfin faɗin babban.

A makarantar jeka-ka-dawo da na fara aiki, can wani ƙauye a ƙasar Rabah, ina da ɗanyen kai da son a ce na waye. Na ji a rediyo cewa a wasu ƙasashe in ranar wani babban rashi ta zagayo, mutane kan miƙe tsaye su yi shiru na minti ɗaya. Na ce ai mu ma ba a bar mu a baya ba. Na jera yara a rana don mu tuna da mamatan ƙauyen, na riƙe agogo, na ce kowa ya yi tsit. Ba a yi rabin minti ba wani jaki a bayan shinge ya ɓarke da kuka. Yaro ɗaya ya ƙyalƙyale, sauran suka bi shi, har malamin lissafi sai da ya juya baya kafaɗarsa na rawa. Na ji an ci mini fuska, na karyo tsumagiya na bi layi. Da aka watse, tsohon maigadinmu ya tare ni a bakin ƙofa.

“Malama, mi yaran ga sunka yi?”

Na ce, “Sun yi ma matattu dariya, Baba.”

“To ke mi kinka ce su yi ma matattun?”

“Shiru.”

Ya jinjina kai ya ce, “Shiru ɗai? Mu nan in mutum ya rasu addu'a muka yi mai, mu hidda sadaka. Shirun ga naki, wa zai kai ma lada?”

Na ji haushinsa ranar, amma da shekara ta zagayo maganarsa na bi. Na ce kowane yaro ya zo da tafin gero daga gida, aka daka gumba, aka yi addu'a, aka raba wa tsofaffin gari. Yaran wata ma'aikaciyar jinya su biyu, Kirista ne, suka yi tasu addu'ar a gefe yadda suka saba. Babu wanda ya yi dariya. Saboda haka ka tuna, yaranka sun san mutuwa, sun san zaman makoki, wasu sun fi ka saninsa. Kada ka aro musu yadda wasu ke baƙin ciki. Ka je ka gaida limami da dattawan unguwa tun kafin ranar, ka ji ta bakinsu. Wasu za su ce maka abin da ya wuce ya wuce, a bar wa Allah, kada a fama tsohon miki. Kada ka kawo musu gardamar jami'a. Ka ce musu addu'a za a yi, kuma ka tabbata ita ɗin aka yi.

Kuskurena na biyu na allo ne. Ina son adadi. In na zo darasin kisan ƙare dangi sai in rubuta lamba mai sifili rututu, in ja mata layi biyu, in ce za ta fito a jarrabawa. Yara su kwafe, su haddace, su ci maki, ni kuma in koma gida ina jin na yi aiki. Wata rana wata yarinya mai suna Rabi, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce, “Malama, mi as sunan guda cikinsu?” Ban san ko ɗaya ba. Maimakon in ce ban sani ba, sai na ce ta zauna, wannan ba ya cikin jarrabawa. Har yau in na tuna fuskarta tana komawa kan benci sai in ji kunya ta rufe ni.

Don haka na ji daɗi da ka ce sunaye za ka karanta, ka fi uwarka a nan. Sai dai kada ka bi su a guje kamar kiran rajista. Ka ɗauki mutum ɗaya ka tsaya a kansa, ka faɗi abin da yake nomawa, da wanda ke jiransa a gida ranar. Kuma ina haɗa ka da Allah, kada ka nuna musu hotunan gawawwakin da ke yawo a waya. Na san matasan malamai na ganin da haka ne darasi ke shiga. Akwai yaron da ke zaune a ajinka wanda ya ga abin da idonsa, bai zo makaranta don a sake nuna masa ba. In kuma wani ya tashi ya fita tsakiyar darasi, ka ƙyale shi, daga baya ka same shi ka tambaye shi ko ya ci abinci.

Na uku ya fi waɗannan nauyi. Bayan labarin kisan ƙare dangin da aka yi a ƙasar Ruwanda ya daɗe da cika rediyo, na ce zan shirya wasan kwaikwayo a ranar tunawa, yara su ga muninsa da idonsu. Littafin da ke hannuna ya ce an raba mutanen can gida biyu, an ce waɗannan dogaye ne masu shanu, waɗancan manoma ne. Ni da wayona sai na ɗaga kai na dubi aji, na ce ai ga su nan Allah ya kawo mini. Na ware 'ya'yan Fulani na ce su ne waɗanda ake farauta. Na ba 'ya'yan manoma karan dawa a matsayin adda. Har na koya musu sunan ƙwaron nan, kyankyaso, da masu kisan ke kiran mutane da shi, don wasa ya yi kama da gaske.

Wasa ya yi kyau, Babana, abin haushin ke nan. Iyaye suka tafa, shugaban makaranta ya yaba mini a gaban baƙi, na dawo gida ina ba babanka labari har ya gaji da ji. Ni na tashi daga wasa, ashe yara ba su tashi ba. Sunan ya bi yaran nan har bakin rijiya, har hanyar gida. In an tashi makaranta sai a bi su da kara ana ihu, wai ana maimaita wasan Malama. Cikinsu akwai Dudu, yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a darasina, mai rubutu kamar an ɗinka shi. Bayan mako biyu mahaifinta ya zo da sandarsa da malfarsa, ya tsaya a bakin aji, ya ƙi zama. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, “Malama, na kawo ta ki koya mata karatu. Ban kawo ta ki koya ma 'yan uwanta yadda za su hwarauce ta ba.” Ya kama hannunta suka tafi. Na yi niyyar bin su rugarsu, na ce gobe, na ce jibi, har damina ta sauka suka tashi. Ban sake ganin Dudu ba.

Kada ka taɓa sa yaro ya zama mai kisa ko wanda ake kashewa, ko da wasa, ko da niyyarka ta fi madara fari. Abin da za ka koya musu shi ne yadda abin ke farawa, don ba da adda yake farawa ba. Da suna yake farawa, da ba'ar da kowa ya yi wa dariya, da a ce kada a sayi kayan su wane, da maƙwabcin da ya gani ya kawar da kai. Ka kuma ba su labarin waɗanda suka ɓoye maƙwabtansu, don a ko'ina aka yi irin wannan ta'asa an samu irinsu. Yaro na bukatar ya san akwai abin da zai iya zama ban da mai bi da wanda ake bi.

To ga babban. Wannan kai ma kana wurin.

Ka san Hajo. Tun ba a haife ka ba take kawo mana nono daga rugarsu ta bayan gari. Ita ta fara kiranka angonta, in ta zo sai ta ajiye ƙwarya ta goya ka tana cewa ka yi saurin girma ka biya sadaki. Ɗanta Buba, wanda ya girme ka da shekara biyu, shi ya koya maka iyo a gulbin Rima ba da sanina ba, na kuma zane ku ku duka biyu da tsintsiya ɗaya. Ranar da aka harbe kawunka Sani a hanyar Shinaka, yana kan babur da buhun dashen albasa a baya, na ji kamar an zare mini ƙashin baya. Shi ne autanmu, ni na yaye shi, ni na kai shi makarantar allo. Ranar sadakar uku, gida cike da mata, Hajo ta yi sallama da ƙwaryar nono a ka, ta sauke ta a tsakar gida. Ba talla ta zo ba, gaisuwa ta zo, nonon kuma sadaka ne ta kawo. Na miƙe a gaban jama'a na ce, “Ɗauke ƙwaryarki. Ba mu shan abin da anka tatsa da hannun jini.”

Ta tsaya tana dubana. Ta ce, “Malama, ni ta hwa, Hajo.”

Na ce, “Na san ke ta.”

Ta sunkuya ta ɗauki ƙwaryarta, nono ya zuba a kan zanenta, ta fita. Kai kana tsaye a bakin zaure da tabarmi a kafaɗa. Na ga ka ji, na kuma ga maganar ta zauna maka. Ban gyara ba. Daga ranar matan layinmu suka daina sayen nononta, don ai Malama mai ilimi ce ta faɗa. Bayan 'yan watanni Buba ya kai rago wata kasuwar ƙauye. Wasu samari da suka ɗauki doka a hannunsu suka kewaye shi, ba wanda ya tambaye shi ko daga ina yake, suka kashe shi a wurin. Ina ɓarar gyaɗa aka kawo mini labari, na ce Allah ya jiƙan musulmi, na ci gaba da ɓarata. Ban je gaisuwa ba. Kafin arba'in rugar ta tashi.

Ni ce na yi shekara talatin ina gaya wa 'ya'yan mutane yadda abin ke farawa. Da ya zo ƙofar gidana ban gane shi ba, ni na buɗe masa ma. Ban ce maganata ce ta kashe Buba ba, amma na san ta tafi gefen waɗanda suka kashe shi, ba gefensa ba. Shekara uku ke nan ina ɗauke da wannan, ko babanka ban gaya wa yadda yake cina ba sai kwanan nan. Da na ji ka a gindin darbejiya sai na gane na ba ka gadon da ban so ba, kuma kana shirin raba shi ga yara aji guda.

Kada ka fahimce ni a karkace. Waɗanda suka kashe kawunka azzalumai ne, ka faɗi haka a gaban kowa, kada ka rage ko kalma. Allah ya isa tsakaninmu da su, ni ban yafe ba kuma ban ce ka yafe ba. Amma mutane ne da suka zaɓi su ɗauki bindiga, kowanensu da sunansa da zunubinsa. Hajo ba ta cikinsu, Buba ba ya cikinsu, yaron da zai zauna a bencin baya yana sunkuyar da kai shi ma ba ya cikinsu. Fushinka na gaskiya ne, Babana, na san irin son da kake yi wa kawunka. Ka ajiye shi a bakin ƙofar aji tare da takalmin zuwa gona, in ka fito yana nan yana jiranka.

Yanzu ga roƙona. Sunan mamaci na danginsa ne, ba na malamin tarihi ba, don haka duk sunan da za ka karanta ka nemi izinin masu shi tukuna. Na kawunka na ba ka, matarsa ma na tambaye ta ta yarda. Akwai suna ɗaya da nake so ya shiga takardarka wanda ba ni da ikon ba ka. Babanka ya bincika mini wurin dillalan shanu, an ce Hajo tana wajen Boyekai a hannun 'yarta, idonta ya yi rauni, ta daina talla. Ka samu abokin aiki ɗan gari ya raka ka, da rana, ranar da mutane ke bin hanya. In an ce hanya ba kyau ka dakata, ban haife ka don in rasa ka a kan laifina ba. A ƙasan jakarka akwai turmin zane da ƙullin goro, nata ne. Ka durƙusa ka gaishe ta yadda kake yi da, ka ce Malama ta Wurno ta aiko ka gaisuwar Buba. Sannan ka tambaye ta ko ta yarda a ambace shi ranar addu'a.

In ta ƙi, ko ta juya maka baya, kada ka roƙe ta sau biyu, tana da gaskiya. In ta yarda, ka sa sunansa cikin sauran, kada ka ware shi gefe, kada ka bar shi ƙarshe kamar wanda aka tuna daga baya. Ka karanta shi da muryar da za ka karanta na kawunka. Ka ce ɗan Hajo ne, ya iya iyo, ya je sayar da rago ne.

Za ta tambaye ka me ya hana ni zuwa da kaina. Kada ka ce mata ciwon gwiwa, ko da yake gwiwar na ciwo. Ka ce mata kunya ce ta hana ni, kuma in ta ce in zo, ko a bayan babur ne ina tafe.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare fitarka da shigarka, ya sa alli ya zame maka hanyar alheri. Allah ya tsare yaran da aka damƙa maka, na gaba da na bencin baya. Allah ya jiƙan Sani, ya jiƙan Buba, ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar nan. Babanka da Hadiza suna gaishe ka.

Wassalam,
Innarka.